Kaɗanya ce ko ba ita ba? Bin diddigin wata bishiyar daji ta hotunan ganyenta

12 ga Oktoba 2024

Hotuna ne kawai a hannuna, ita bishiyar ban taɓa ganinta ido da ido ba. Ƙanena ne aiki ya kai shi gefen wani daji, shi ya turo min yana tambaya wai Yaya wace bishiya ce wannan, don mutanen da yake aiki dasu sun rabu biyu, wasu sunce kaɗanya ce wasu sunce sam ba ita bace amma kuma basu da wani suna da zasu bayar. Nace toh bari mu bi abin a hankali, duk abinda muka gano zan riƙa rubuta shi anan da kwanan wata.

Ga abinda ake gani a hotunan. Ganye dogo ne siriri, kore shar yana sheƙi, gefensa ba a miƙe sak yake ba yana ɗan hawa da sauka, ƙarshensa babu tsini, a zagaye yake wasu ma da ɗan tsagi a tsakiya. Ganyayyakin duk sun yi cunkus a ƙarshen reshe, sauran reshen fayau ba komai.

Tambayar farko da ake yiwa kowane ganye ita ce shin cikakken ganye ne shi kaɗai ko kuwa yanki ne na babban ganye mai 'ya'ya. Mutane na raina wannan tambayar amma ita ke jefa su a rami, misali maɗaci in ka tsinko yanki ɗaya ka ɗauka a hoto zaka rantse ganye ne mai zaman kansa alhali ɗaya ne cikin jerin da suka haɗu suka yi ganye guda. Yadda ake ganewa shi ne a duba daidai inda karan ganyen ya haɗu da reshe, cikakken ganye yana da idon toho a wannan lungun, yanki kuwa babu. A nan dai kowane ganye daga jikin reshe ya fito kai tsaye, kuma ba biyu-biyu suke fuskantar juna ba, ɗaya-ɗaya suke suna zagaya reshen, matsuwar da suka yi ce ta sa suka zama kamar daga wuri ɗaya suka fito. Duk wannan ya dace da kaɗanya. Matsalar ita ce ya dace da wasu ma da yawa.

19 ga Oktoba

Na saka hotunan a wata manhajar gane tsirrai, ba sai na kama sunanta ba. Amsoshi uku ta jero min, mangwaro, sai wata bishiyar ado da ake kira Plumeria, sai kaɗanya, kuma duk na canja hoto sai jerin ya juya.

Mangwaro ya fita tun yanzu, ganyensa ƙarshensa tsini ne dogo, namu kuma a zagaye. Plumeria asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka take, shuka ta ake yi don furenta, rassanta kaurara ne masu taushi, me zai kai ta tsakiyar daji ta girma haka. Saura kaɗanya kenan.

Gaskiya bana ganin laifin irin waɗannan manhajoji sosai in mutum ya san yadda suke aiki. An nuna musu tulin hotuna ne masu suna a jiki, suka koyi kamanni, so in ka basu sabon hoto abinda suke yi kawai su duba wanne ya fi kama dashi cikin waɗanda suka sani. Basu iya cewa ban sani ba. In bishiyar bata cikin jerinsu ko hotunanta kaɗan ne aka basu, zasu miƙo maka wadda ta fi kusa ne kawai, kuma bishiyar da ake shukawa a gari kowa na ɗaukarta hoto dole ta rinjayi wadda ke can cikin daji ba mai kula ta. Amsar manhaja shawara ce ta inda zaka fara dubawa, iyakarta kenan.

3 ga Nuwamba

Yau ba bincike, koyar da ɗaukar hoto nayi ta waya. Hotunan farko duk daga nesa aka ɗauke su da rana tsaka, saman ganyen na walƙiya, in na zuƙo sai komai ya narke ya zama kore kawai.

Nace masa ka tsinko reshe ƙarami da ganyensa gaba ɗaya, kar ka ciro ganye ɗaya tilo don zaman da suka yi a reshen shi ma shaida ne. Ka kai shi inuwa ka shimfiɗa kan farar takarda, ka ajiye rula a gefe, filashi a kashe. Ka ɗauki sama sannan ka juya ka ɗauki bayan ganyen, bayan ma ya fi min amfani don can jijiyoyi da gashi suke fitowa. Karan da ke riƙe da ganyen ya fito cikakke tun daga inda ya bar reshe. Sannan ka ɗaga ganye ɗaya sama rana na bayansa ka ɗauka a haka. Yace Yaya duk wannan akan bishiya ɗaya? Nace ai ba a ma fara ba, saura ɓawon jikinta da ita kanta daga nesa da mutum tsaye a gindinta don in kimanta tsayi.

Wani abu kuma, manhajojin hira suna matse hoto kafin su tura don rage data, ƙananan layuka su ne farkon abinda ke ɓata, don haka nace ya turo su a matsayin fayil.

Wannan zancen farar takarda ba ni na ƙirƙira ba. Manhajar Leafsnap da ta fito a 2011, wadda jami'ar Columbia da ta Maryland da cibiyar Smithsonian suka haɗa don bishiyoyin arewa maso gabashin Amurka, a lokacin sai ka ɗora ganye kan farin abu take aiki, saboda da siffar gefen ganyen take ganewa. Na yanzu sun wuce nan, amma idon mutum har gobe yana son farar takardar.

10 ga Nuwamba

Toh yau kam an samu abin yi.

Hotunan sun zo tsaf. Na auna da rular da ke gefe, manyan ganyen sun haura santimita 30 a tsayi, faɗinsu bai wuce 6 zuwa 7 ba, kuma wurin da ya fi faɗi yana can sama da tsakiya, daga nan sai ya riƙa tsukewa a hankali a hankali har ya gangaro kan karan. Karan kansa wajen santimita 4. Ganyen kaɗanya kuwa galibi tsakanin 10 da 25 yake, ya fi wannan faɗi in aka kwatanta da tsayinsa, gindinsa baya yin wannan doguwar tsukewar, karansa kuma dogo ne yakan kai santimita 10, shi yasa ganyenta ke lilo in iska ta kaɗa. Amma girma kaɗai ban cika yarda dashi ba, ganyen da ke inuwa ya fi na rana girma a bishiya ɗaya, na ƙaramar bishiya ya fi na tsohuwa.

Jijiyoyin ne suka tsayar dani. A kaɗanya in ka juya bayan ganye zaka ga jijiyoyin gefe sun fito raɗau daga ta tsakiya, akwai tazara tsakaninsu, zaka iya ƙirga su da yatsa, wajen 20 zuwa 30 a kowane ɓangare. A namu na fara ƙirgawa na haƙura. Sirara ne ƙwarai, a matse, a jere ɗaya na bin ɗaya kamar an ja haƙoran matsefi akan ganyen, ba wadda ta fi 'yar uwarta kauri, in ba hoton da rana ke baya ba ma da ƙyar ake ganinsu. Babbar jijiyar tsakiya ce kaɗai ta taso. Gashi kuma babu ko ɗaya, sama da ƙasa sumul.

Na kwana ina kwatantawa da hotunan busassun samfura. Ga wanda bai sani ba, akwai ɗakunan adana tsirrai inda ake danne reshe da ganye da fure a busar a manna a takarda da bayanin inda aka samo shi da ranar, na Kew a Ingila kaɗai yana da kimanin miliyan 7, kuma da yawa an ɗauke su hoto an saka a intanet, ta shafin GBIF mai tattara bayanan halittu ana samun su kyauta. Amfaninsu akan hoton da wani ya ɗauka da waya shi ne masani ne ya sa sunan kuma akwai ma'auni a jikin takardar. In zaka nemi kaɗanya a can ka nema da Vitellaria paradoxa, amma tsofaffin takardu da yawa Butyrospermum parkii ne a jikinsu, tsohon sunanta kenan, in baka san wannan ba rabin samfuran zasu wuce ka.

Duk samfurin kaɗanya da na buɗe jijiyoyinsa a warwatse suke ana ƙirgawa. Ba ko ɗaya mai irin namu.

Sai na juya tambayar, su wa ke da irin waɗannan matsattsun jijiyoyi? Calophyllum na dasu, amma ganyenta biyu-biyu ne suna fuskantar juna, ta fita. Wasu daga cikin Manilkara na dasu, su kuma dangin kaɗanya ne na kusa, Sapotaceae, sai dai ganyensu bai cika kai wannan tsayin ba. Sai ta ukun, Lophira lanceolata, wadda ake ce wa namijin kaɗanya. Ganyenta daga santimita 11 har 45, siriri, gefe mai hawa da sauka, ƙarshe a zagaye ko da ɗan tsagi, kara 2 zuwa 6, jijiyoyi birjik. Tana fitowa a irin dajin da kaɗanya ke fitowa tun daga Senegal har Uganda, sau da yawa ma a cakuɗe suke, kuma abin mamaki ko dangi basu haɗa ba, ita daga Ochnaceae take. Daga nesa ne kawai suke kama.

Zuciyata ta karkata can sosai. Amma ban faɗawa ƙanena suna ba tukuna, don in na faɗa zai fara ɗauko min hotunan da suka dace da sunan ne kawai.

24 ga Nuwamba

Akwai abinda hoton ganye baya nunawa ko kyamarar ta kai ina, wato nono. Dangin Sapotaceae in ka karya karan ganye ko ka ɗan yanki ɓawo farin ruwa mai danƙo ke fitowa. Lophira bata dashi. Da wannan gwajin ɗaya za'a raba ta da kaɗanya da Manilkara a lokaci guda.

Nace ya tsinke ganye ɗanye ya ɗauki bidiyon wurin da ya karye. Ba abinda ya fito. Sai dai rashin fitowar abu ba hujja ce mai ƙarfi ba, ana shiga rani, ganyen ya tsufa, zai iya yiwuwa ko kaɗanyar gaske ce ta yi rowa. Don haka nace ya nemo wadda kowa a wurin ya yarda kaɗanya ce ba musu, ya yi mata irin wannan a rana ɗaya. Ya samu, ya tsinka, farin ɗigo ya taru a bakin karan nan take. Yanzu ne rashin nonon tamu ya zama magana.

Ya haɗo min da hoton ɓawonsu biyun. Na kaɗanyar baƙi-baƙi ne mai kauri ya tsattsage gida-gida masu kusurwa huɗu, tsagin da zurfi. Na tamu toka-toka ne yana ɓantarewa falle-falle ba tsari.

21 ga Disamba

Shiru kwana biyu, ba wani cigaba. Gobarar daji ta bi ta wurin, ciyawa ta ƙone, bishiyar na nan tsaye ta zubar da yawancin ganyenta.

Ya turo wasu manyan ganye da yace daga gindinta suka tsiro, na ajiye su gefe ban saka a lissafi ba. Tohon da ke fitowa daga kututture ko saiwa bayan wuta ko sara yakan yi ganye manya fiye da ƙima, wani lokaci har siffar ta canja, kuma ma ba tabbas daga jikinta suke ba.

A saman kuma sabon toho ya fara, ja wur. Ya kira ni da murna wai Yaya ga shaida. Nace a'a, kaɗanya ma sabon ganyenta ja-ja yake fitowa, mangwaro ma haka, bishiyoyin ƙasashen zafi da yawa haka suke. Abin dubawa shi ne gashi, sabon tohon kaɗanya yana da laushin gashi mai launin tsatsa, wannan kuwa da na zuƙo sumul yake yana ƙyalli. Ƙaramar shaida ce amma ɓangare ɗaya ta faɗa da sauran.

18 ga Janairu 2025

Ta yi fure.

Masana tsirrai tun zamanin Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake ba halittu sunan kimiyya, da fure da 'ya'ya suke rarraba tsirrai, ba don ƙin ganye ba, sai don ganye na canjawa da rana da ruwa da ƙasa da shekaru, tsarin fure kuwa baya motsi. Na nuna hotunan ga wani dattijo da ya daɗe yana koyar da ilimin tsirrai, nace Malam ga ganyen nan na auna na ƙirga, ko kallonsu bai yi ba yace ina furen? Da ya gani ya ɗan yi murmushi yace ci gaba, kana kan hanya, amma ka jira 'ya'yan.

Furen farare ne, kowanne da fallaye 5 a buɗe, tsakiyarsa cike da siraran zarurruka masu ruwan ɗorawa da yawan gaske, kuma suna kan wani dogon kara mai rassa da ya miƙo daga ƙarshen reshe, a sake ba a matse ba. Ƙanena yace ƙamshi har nesa, ƙudan zuma sun cika wurin. Furen kaɗanya ba haka yake ba, a dunƙule yake fitowa tuli guda a kan reshe kowanne da ɗan karansa, launinsa fari mai ɗan rawaya, sassansa kuma takwas-takwas ne ba biyar ba.

Na gwada manhajar Pl@ntNet wannan karon, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka haɗa. Abinda ya burge ni da ita shi ne tana karɓar hotuna da yawa na bishiya ɗaya a tare, kuma kowanne sai ka gaya mata ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, sannan ka zaɓi yankin duniyar da kake so ta duba a ciki. Na haɗa mata fure da bayan ganye da ɓawo, Lophira ta fito a sama. Naji daɗi ba ƙarya, amma na riga na faɗi matsayin amsar manhaja a wurina, ba zan canja ba don yau ta goyi bayana.

8 ga Maris

'Ya'yan sun fito kuma sun rufe zancen jinsi. Ɗan ƙaramin abu ne mai tsini a ka, ƙwaya ɗaya a ciki, a gindinsa akwai fuka-fuki biyu ɗaya dogo ɗaya gajere. Akwai korayen fallaye 5 da ke tallafe da furen daga ƙasa, biyu daga cikinsu ne suke cigaba da girma su bushe su zama fuka-fukin, dogon yakan kai santimita 8 zuwa 10, dashi iska ke ɗaukar ɗan ta jefa nesa da uwar. Wanda ya ɗora kan rula ya kusa 9. Ɗan kaɗanya kuwa kore ne mulmulalle mai tsoka, ba fiffike ko ɗaya. Lophira ce.

Saura nau'i, kuma anan da sauƙi don guda biyu ne ake maganarsu, lanceolata da alata. Sun yi kama har an daɗe ana ɗaukarsu abu ɗaya kafin a raba. Alata ƙatuwa ce ta kurmi mai ruwa, tana haura mita 40 da miƙaƙƙen jiki ba reshe sai can sama, katakonta mai nauyi da tauri ake sayarwa da sunan azobe ko ekki, karan ganyenta kuma gajere ne. Lanceolata ta dajin ciyawa ce mai shan wuta duk shekara, galibi bata wuce mita 16, jikinta a ɗan karkace. Tamu da na kwatanta da mutumin da ke tsaye a gindinta bata fi mita 10 ba, ciyawa ce zagaye da ita, karan ganye santimita 4. Na rubuta Lophira lanceolata, na turawa ƙanena, yace dama wani tsoho a wurin ya taɓa ce musu namijin kaɗanya ce ba wanda ya saurare shi.

Abinda ya rage. Na sa ya yanko reshe mai ganye da 'ya'ya ya danne tsakanin tsofaffin jaridu da kwali, ya ɗora abu mai nauyi, ya riƙa canja jaridar kar ya yi fumfuna, ya kuma rubuta a takarda daban abubuwan da busasshen samfuri baya riƙewa, wato launin fure, ƙamshi, tsayin bishiyar, yanayin ɓawo da cewa babu nono. Malam yace in ya bushe a kawo masa ya duba da tabaron ƙara girma. Hotunan kuma zan saka a shafin iNaturalist, inda jama'a ke taya juna gano sunan halittu, da kwanan wata da wurin, can sai sama da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba sun yarda da suna ɗaya kafin a ɗauke shi a matsayin bayanin da ya isa bincike.

Akwai kuma wata a kusa da ita da ya fara turo min jiya, ganyenta ma cunkus a ƙarshen reshe amma faffaɗa ne kusan ba kara, ina zargin ɗaya daga cikin Terminalia ce. Na tambaye shi bayan ganyen da gashi ko babu, yace sai ya koma.